Nazarin Lamari: Tashar Michigan Central da Masu Ɗaukar Hoton Kango

A tsakanin 1988 da 2018, da wuya a samu kangon da kyamara ta fi sani a Amurka kamar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central da ke birnin Detroit. Shekara talatin ba jirgi, ba fasinja, ba ko mai sayar da tikiti, amma hotonta ya zaga jaridu da mujallu da intanet fiye da lokacin da take cike da jama'a. Duk ɗan jaridar da aka aiko ya ba da labarin karyewar Detroit, nan yake fara zuwa ya tsaya.

Asalin ginin, 1913

Kamfanin jirgin ƙasa na Michigan Central ne ya gina ta, kuma ofisoshin zanen gini biyu da suka yi aikin babbar tashar Grand Central ta New York, wato Warren & Wetmore da Reed & Stem, su ne suka zana wannan ma. Ba a ma gama shirin buɗe ta ba gobara ta cinye tsohuwar tashar birnin ranar 26 ga Disamba 1913, sai dole aka karkato jirage zuwa sabuwar a wannan rana.

Gini ne kashi biyu. A ƙasa akwai tashar kanta, da babban zauren jira wanda aka kwaikwayi gidajen wankan mutanen Rum na dā: ginshiƙai manya, bango mai ado da dutsen mabul, da rufi mai lanƙwasa, kusan irin abin da maginanmu ke kira ɗaurin guga, sai dai shi da ƙananan tayil aka ɗaure shi, kuma ya yi sama fiye da mita 15. A bisa wannan aka ɗora benen ofisoshi, ginin gaba ɗaya hawa 18, tsayinsa wajen mita 70. A zamaninta babu tashar jirgin ƙasa a duniya da ta kai ta tsawo.

Tun daga zaɓen wuri aka shuka matsalar. Ba a tsakiyar gari aka gina ta ba. An kai ta unguwar Corktown ne, kusa da bakin ramin da jiragen ƙasa ke bi ta ƙarƙashin Kogin Detroit su ɓulla Kanada, wanda aka buɗe a 1910. Lissafin shi ne gari zai bunƙasa ya taddo ta. Fasinjoji kuwa taragon lantarki mai bin titi ne ke kawo su, don haka ba a tanadi babban wurin ajiye motoci ba, a garin da ke shirin zama hedikwatar ƙera motoci ta duniya. Hawa na can sama ma ba a taɓa gama shi an zauna ba.

Ƙafa ta ɗauke, 1930 zuwa 1988

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya jirage fiye da 200 ke tashi daga nan kullum. A shekarun 1940 fasinjoji fiye da 4,000 ke bi ta cikinta a rana. Daga nan sai gangara. Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta hana garin matsowa. Taragon titi ya daina aiki a Detroit a 1956, shekarar da gwamnatin tarayya ta kafa dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi. Mutane suka koma mota da jirgin sama. A 1967 aka rufe babban zauren jira saboda tsadar kula da shi. Amtrak, kamfanin jigilar fasinja na ƙasa, ya karɓi aiki a 1971, aka sake buɗe zauren a 1975, kuma a wannan shekarar aka sa ginin cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Duk an yi ne ba a yi ba. Ranar 5 ga Janairu 1988 jirgi na ƙarshe ya tashi zuwa Chicago.

Shi ma birnin a lokacin zubewa yake. A 1950 mutanensa sun kai wajen miliyan 1.85. Masana'antu suka yi ta ƙaura, fararen fata masu hali suka koma unguwannin bayan gari da harajinsu, musamman bayan tarzomar 1967 wadda mutum 43 suka mutu a cikinta. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 713,777, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 baƙar fata ne.

Kango, daga 1988

Gini ba ya rushewa don kawai an bar shi. Sai an buɗe wa ruwa hanya. A nan 'yan jari-bola ne suka buɗe ta: suka ɓalle jan ƙarfen rufi, suka zare wayoyi da bututu, suka kwance fitilu da duk wani adon tagulla. Yara suka farfasa gilasan tagogi da jifa. Ruwan sama da na narkakkiyar ƙanƙara ya samu shiga.

A ƙasa mai sanyi irin Michigan ruwa mugun maƙiyin dutse ne. Yana kwanciya a cikin tsaga, dare ya yi ya daskare, ya kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, ya ƙara buɗe tsagar. Rana ta fito ya narke ya nutsa can ciki, dare ya sake yi ya sake daskarewa. A hunturu ɗaya haka za ta faru sau da yawa. Filasta ta riƙa zubowa kamar garin tuwo, ƙarfen da ke cikin kankare ya yi tsatsa ya kumbura, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka zama tafki. Marasa matsuguni suka samu wurin kwana, masu rubutun fenti suka samu bango.

A tsakiyar shekarun 1990 ginin ya shiga hannun kamfanin attajirin nan Manuel Moroun, mai gadar Ambassador da ta haɗa Detroit da Kanada. An sa shingen waya mai ƙaya. Shingen bai hana kowa shiga ba.

Masu kyamara sun iso

Cikin na farko akwai Camilo José Vergara, haifaffen Chile mazaunin New York, wanda ya fara zirga-zirgar Detroit tun farkon shekarun 1990. Salonsa na haƙuri ne. Yakan tsaya a wuri ɗaya, ya ɗauki gini ɗaya ta fuska ɗaya, ya tafi, bayan shekara ɗaya ko biyar ya dawo ya sake tsayawa a daidai wurin. In aka jera hotunan sai ka ga yadda gini ke tsufa kamar fuskar mutum. A 1995 ya ba da shawarar a keɓe wasu layuka na dogayen benayen tsakiyar gari da aka yasar, a bar su a matsayin dandalin kangaye kamar yadda Girkawa suka bar nasu a Atina. Mutanen Detroit suka yi masa ca. Su a ganinsu, baƙo ne ya zo yana neman mayar musu da gari maƙabarta alhali suna ciki da ransu.

Daga 2005 wasu samari biyu 'yan Faransa, Yves Marchand da Romain Meffre, suka fara zuwa. Wani Ba'amurke, Andrew Moore, ya biyo baya. A 2010 kowane ɓangare ya fitar da babban littafin hotunan kangayen Detroit. Dukkansu da babbar kyamarar fim suke aiki, irin mai tsayawa a kan ƙafa uku, wadda fim ɗinta guda ya kai tafin hannu ko ya fi. Irin wannan kyamara ba ta gaggawa. Takan bar mai ita ya daidaita layukan gini su tsaya cak, kada bene ya fito kamar zai kife baya, kuma takan kama kowane ɓarɓashi. Ba sa amfani da filasha. Sukan buɗe idon kyamarar na daƙiƙu masu yawa, hasken taga ya shiga a hankali.

Ɗauki hoton zauren jira, wanda kusan kowa ya ɗauka. Mai hoton yakan tsaya a tsakiya, ginshiƙai su jeru dama da hagu, ido ya bi su har ƙarshen zauren. Daga manyan tagogi masu baka haske ke saukowa a karkace, ya faɗi a kan ƙasar da ta cika da ɓaraguzan filasta. Can sama rufin na nan da lanƙwasarsa, ko da yake wasu tayil sun zube sun bar gurbi kamar wawulo. A ƙasa, iya inda hannun mutum ke kaiwa, bangon ya sha fenti ja da shuɗi da baƙi, daga nan zuwa sama kuwa launin dutse ne kawai. Wannan layi, inda fenti ya ƙare dutse ya ci gaba, shi ne ma'aunin girman ɗakin, tunda babu mutum a hoton da za a gwada da shi. Wanda ya iya kallo zai ga lokaci iri uku a takarda ɗaya: hannun maginin 1913, hannun ɓarawon jan ƙarfe, da aikin ruwa.

Abin yana da kyau, ba a musu. Gini da aka yi don hayaniyar dubban mutane, ga shi shiru. Ido yana hutawa a tsarin ginshiƙan, zuciya kuma tana tsorata da ɓarnar, kuma haɗuwar biyun ce ke riƙe mai kallo. Turawa sun daɗe da wannan sha'awa. Tun ƙarni na 18 masu zanensu ke zana kangayen Rum. Bambancin shi ne mutanen da suka gina na Rum sun shuɗe da ƙarnuka, su kuwa waɗanda suka yi aiki a tashar Detroit da yawansu na nan a unguwa.

Bayan ƙwararru sai ga ayari. Kyamarar dijital ta yi araha, shafukan ɗora hoto sun yawaita, matasa masu sha'awar kutsawa gine-ginen da aka yasar suka riƙa tururuwa daga wasu jihohi har da Turai. Masu shirya fina-finan Hollywood da bidiyon waƙa ma sun yi ta haya da wurin duk lokacin da suke son nuna ƙarshen duniya.

Dabarun da aka gwada, har zuwa 2009

An yi ta kai gwauro ana kai mari. An ce gidan caca da otal. An ce cibiyar kasuwancin kan iyaka. A 2004 magajin gari Kwame Kilpatrick ya sanar cewa nan za a mayar da hedikwatar 'yan sanda, ba a jima ba maganar ta bi ruwa. Kowace dabara a wuri ɗaya take cin tura: kuɗin gyara ya fi ƙarfin abin da haya za ta mayar a unguwar da gidaje ba su da daraja. Kowace shekara aka ƙara ba rufi, kuɗin ya ƙara hawa.

2009, shekarar da abu ya yi tsami

A Janairun 2009 wasu masu yawon kango suna wasan hoki a kan ruwan da ya daskare a ƙasan wani tsohon sito da ke gefen tashar. Siton na littattafan makarantun gwamnati ne, wanda aka yasar bayan gobara a 1987, littattafai suka ruɓe har itatuwa suka tsiro a cikinsu, shi ma ya sha hoto. A ramin lifta suka ga ƙafafun mutum sun fito daga cikin ƙanƙara, sauran jikin na ciki. Labarin ya fara isa kunnen ɗan jarida kafin jami'an tsaro su zo, kuma jaridar Detroit News ta buga hoton ƙafafun a shafin farko. Mutumin ɗan yankin ne, yana da suna, yana da dangi.

A watan Afrilu majalisar birni ta kaɗa ƙuri'ar rushe tashar cikin gaggawa, a caji mai ita. Wani mazaunin birnin ya garzaya kotu yana cewa ginin tarihi ne. Kuɗin rushewar ma babu. Aka bar maganar.

A shekarar ce kuma kamfanonin General Motors da Chrysler suka shiga kariyar karayar arziki, 'yan jarida suka cika gari. Mujallar Time ta wallafa hotunan Marchand da Meffre, har ta sayi gida a Detroit don ma'aikatanta su shekara suna aiko da rahoto. A nan ne wata kalma ta bazu a bakin 'yan gari, wadda ma'anarta ita ce batsar kango: hoton da ke ba mai kallo daɗi da tsiraicin wuri, ba tare da ya damu da mai wurin ba.

Ƙorafin nasu ba na ƙin gaskiya ba ne, sun san kangon na nan. Abin da suke cewa shi ne mai hoto yakan jira har mai wucewa ya fita daga cikin firam, wato iyakar abin da hoton ke kamawa, kafin ya danna. Yakan juya baya ga gidajen abincin unguwar 'yan Meziko da ke 'yan matakai kaɗan daga tashar, cike da mutane. Hoton ba ya cewa wa ya mallaki ginin, wa ya rufe masana'anta, wane banki ya ƙi ba baƙar fata bashin gida. Sai abin ya zama kamar ambaliya ko girgizar ƙasa, ƙaddarar da ba hannun kowa. An ce gani ya kori ji, to a nan gani ya kori mutum dubu ɗari bakwai. Masu hoton kuma suka ce su shaida ce suke ajiyewa, kuma da ba su ɗauka ba da babu wanda zai san abin da ake asara.

Ranar 18 ga Yuli 2013 birnin Detroit kansa ya ayyana karayar arziki, da bashin wajen dala biliyan 18. Hoton da jaridu da yawa suka ɗora a kan labarin, na tashar ne.

Tagogi, 2015

Gyara na farko da ya tsaya da ƙafarsa ba na ado ba ne. A 2015 hukumar birni ta yi yarjejeniyar musayar fili da iyalin Moroun a bakin kogi, kuma cikin sharuɗɗan har da sa wa benen tagogi. Aka sa lifta ta ɗaukar kaya, aka ɗora tagogi fiye da 1,000. Wasu sun yi dariya, suka ce kwalliya ce a kan gawa. Amma ruwa da iska sun ragu, kuma wannan hoton da aka saba, na bene mai ramuka wanda ake hango sararin sama ta cikinsa, ya daina ɗaukuwa.

Ford da aikin gyara, 2018 zuwa 2024

A Yunin 2018 kamfanin Ford ya sanar cewa ya sayi tashar, a kan dala miliyan 90. Shugabansa Bill Ford, tattaɓa-kunnen Henry Ford, ya ce za ta zama cibiyar bincike kan sufurin zamani. Kamfanin mota ne zai ta da abin da mota ta kwantar. Aka buɗe ƙofa na 'yan kwanaki don jama'a su shiga su gani tun kafin a taɓa komai, dubban mutane suka yi dogon layi, kusan kowa da wayarsa a sama.

A cikin wannan watan wani mutum da ya ɓoye sunansa ya tuntuɓi gidan tarihi na Henry Ford. Ya ce babban agogon ƙarfen da ya ɓace daga ɗaya daga cikin ƙofofin tashar yana wurinsa. Ya naɗe shi, ya jingine a jikin wani bango a wata unguwa, ya faɗi inda za a same shi. Aka je aka tarar da shi. Ford ya yi shelar duk wanda ke da wani abu na ginin ya dawo da shi, ba tambaya ba tuhuma. Kaya suka riƙa fitowa daga gareji da ɗakunan ajiya.

Aikin ya bi tsari: a fara busar da gini, a tsayar da shi, sannan a yi ado. An zuƙe ruwa galan miliyan 3.5 daga ƙarƙashin ƙasa, wato wajen lita miliyan 13. An yi rufi. An bi tayil 29,000 na rufin zauren jira ana wankewa ana sake ɗaurewa. Don dutsen farar ƙasa na gaban ginin ya dace da na asali, sai da aka sake buɗe mahaƙar Dark Hollow da ke jihar Indiana, inda aka haƙo na farko, bayan ta shekara da shekaru a rufe, aka ɗebo fiye da tan 600. Inda ado ya ɓace, sai a nemo guntun da ya saura ko wanda aka dawo da shi, a auna siffarsa da na'ura mai hasken laser, a gwada da tsohon zanen gini da tsofaffin hotuna, a ƙera sabo. Ma'aikata fiye da 3,000 suka sa hannu. A cikin bango sun tsinci kwalbar giya da takarda a ciki, wadda leburorin 1913 suka ɓoye.

Sito mai littattafan nan shi ma an gyara shi, aka buɗe a 2023 a matsayin wurin aikin ƙananan kamfanonin fasaha. Ita kuwa tashar ranar 6 ga Yuni 2024 aka buɗe ta. Kuɗin dukkan aikin, har da gine-ginen kewaye, ya kai wajen dala miliyan 950, kuma birnin ya yi wa kamfanin rangwamen haraji na sama da dala miliyan 100.

Me hoton ya yi, me bai yi ba

Hoto bai gyara ko tayil ɗaya ba. Rufi da tagogi da kuɗin wani katafaren kamfani ne suka yi, tare da harajin da talakan birni ya yafe. Amma a ganina kuskure ne a ce hoton bai yi komai ba. Detroit ta rushe gine-ginen tarihi da dama a waɗannan shekaru, wasu ma ba wanda ya waiwaya. Ita wannan ta yi sunan da rushe ta sai ya zama labarin duniya, gyara ta ma haka. Ford yana iya gina sabbin ofisoshi a fili da kuɗi kaɗan. Abin da ya saya da tsada shi ne alama, kuma masu kyamara ne suka shekara talatin suna ƙera wannan alamar, har da waɗanda ake zagi.

'Yan gari ma suna da gaskiya. Hotunan da suka tsufa da daraja su ne masu kwanan wata da sunan wuri, waɗanda aka koma aka sake ɗauka, irin na Vergara da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke ajiye da su yanzu, da waɗanda suka matso kusa suka kama yadda aka sassaƙa kan ginshiƙi. Dubban hotunan da aka ɗauka daga tsakiyar zauren jira, aka ƙara musu duhu a kwamfuta don su yi ban tsoro, duk ɗaya suke, ba za ka iya cewa wannan na 2006 ne wancan na 2012 ba. Ni in an miƙo mini hoton kango, abin da nake fara nema shi ne me aka bari a wajen firam, sannan yaushe aka ɗauka.

Farashin gidaje da haya ya tashi a Corktown, wasu tsofaffin mazauna na kokawa. Masu gyaran sun bar wani lungu a cikin tashar da rubutun fentinsa yadda yake, ba su goge ba, kuma maziyarta kan tsaya a nan su yi hoto. A ranar da aka buɗe ta, babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke tsayawa a tashar.